Kafin Ikhlas Ta Yi Famfara

Angwan Iya, Keffi
9 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga Kaka Ɓoɗejo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da shanu. Yaya sanyin Mambila, yaya kuma gwiwar nan taka? Ni ce Hamdiya 'yar Nasiha, jikar yayarka Sa'a, amaryarka da ka gudu ka bari a Keffi shekara goma sha tara, ko sabulu ba ka taɓa aikowa ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Mahfuz yana ta zirga-zirgar aikin Abuja, 'yata Ikhlas kuma ta cika shekara biyar. An ce mini kunnenka ya yi nauyi, waya ba ta yi maka amfani, shi ya sa na ba Dogara direba wannan takarda, tunda yana hawowa wajenku ɗaukar ayaba.

Kaka, ga abin da ya sa na rubuto. Ina koyar da ajin nazare, yara ashirin da uku, 'yan shekara huɗu da biyar, har da Ikhlas. Wannan zangon darasinmu a kan duwatsu ne. Na nuna musu hoton dutse mai aman wuta na ƙasashen waje, sannan muka gina namu da yumɓu, muka bar rami a tsakiya. Na zuba kanwa a ramin, na kawo zoɓo don aman ya fito ja kamar wuta. Wallahi zoɓon yana taɓa kanwar sai ya rikiɗe ya koma kore-kore, ya yi kumfa ya gangaro. Wani Yosiya ɗan Sabon Gari ya ce dutsen Anti miyar kuka yake amai.

Muna cikin dariya sai muka ji dum, har tagogi suka girgiza. Yara suka ruga taga. Daga ajinmu ana hango Dutsen Ƙwarya, inda rugarku take a da, sai ga hayaƙi yana tashi daga gefensa. Ikhlas ta ce, "Ga namu can, shi ma yana amai." Ba amai ba ne. Wani kamfani ne ya fara fasa dutsen daga gabas.

A nan na tuna Mama, Allah ya jiƙanta. Ta sha gaya mini dutsen nan yana da labari, wai a da akwai wuta a cikinsa, kuma a zuriyarmu ana hawa da yaro a faɗa masa kafin ya yi famfara. Shekarar da aka hau da sa'o'ina, ƙyanda ta kwantar da ni. Kafin in murmure haƙorana sun fara zuba, daga baya kuma kuka tashi. Duk sanda na tambayi Mama sai ta ce, "Kawu ne mai faɗa." Har ta rasu ban ji ba.

Yanzu kai kaɗai ka rage. Don Allah ka rubuto mini shi, in karanta wa yaran nan. Sun san dutsen ƙasar Turawa, ba su san na bayan tagarsu ba.

Taka jika,
Hamdiya

*

Ruga, bayan Nguroje
3 ga Nuwamba, 2023

Zuwa ga amaryata Hamdiya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Mu nan lafiya, sai gwiwa da take tashina kafin ladan. Shanu sun ƙoshi bana. Ki yi haƙuri da rubutuna, a yaƙi da jahilci na koya, hannun ya fi sabawa da sanda.

Sabulu kuwa ba zan aiko ba. Wace amarya ce wannan da ba ta iya tatsar saniya ba, Fillanci ma sai gaisuwa? Kin zama 'yar birni, kina ɓarnar zoɓo a cikin laka. Na yi dariya har sai da tari ya kama ni.

Maganar labari, ba zan rubuta miki ba. Ba a rubuta shi, ba a kuma faɗarsa a gida. Ga yadda ake yi. Da hantsi babba yake shiga gaba, yara suna biye. Akwai zango tara daga gindi zuwa ƙololuwa. A kowane zango yaro ya dafa dutsen wurin da tafin hannunsa, sannan a faɗa masa abin da ya faru a nan. In an kai sama, a sha nono a ƙwarya ɗaya, a sauko. Ba tsafi ba ne, kada wani malamin gari ya ruɗe ki. Haka uwata ta yi mini, haka na yi wa uwarki, tana kuka saboda ƙaya ta soke ta a zango na huɗu.

Ke kam lokacinki ya wuce, haka Allah ya so. Amma Ikhlas tana da sauran haƙoranta. Bayan ƙaramar Salla, in Allah ya kai mu, zan biyo Dogara in zo in hau da ita. Ki kawo 'yan ajin naki duka, har da mai miyar kukar, labarin ba ya ƙin baƙo.

Masu fasa dutse kuwa kada su dame ki. Tun ina saurayi mata suke zama a gabashinsa da guduma suna fasa tsakuwa, shekara arba'in ba su ci abin da ya kai girman bukka ba. Dutse ne fa, ba tuwo ba.

A gaida Mahfuz, a shafa mini kan yarinyar.

Tsohon mijinki,
Ɓoɗejo

*

Ruga, bayan Nguroje
12 ga Fabrairu, 2024

Hamdiya,

Ina fatan lafiya. Mu nan muna lafiya, sai saniya ɗaya da ta karye a gangare muka yanka.

Dogara ya hawo sau uku, kowane zuwa sai in ɗingisa har bakin hanya in tare shi, ya ce ba ki ba shi komai ba. Na tambaye shi ko wani ne ba shi da lafiya, ya ce a'a, ya gan ki a kan acaɓa da idonsa, har kin ɗaga masa hannu. To me na yi? In wasan tatsar nono ne ya ɓata miki rai, ai wasan kaka da jika ne, uwarki ta fi ki shan wannan a wurina.

Ni dai ina shirina. Na sa an sassaƙo mini sabuwar sanda, kullum ina hawa tudun bayan ruga don gwiwar ta saba. Matan gidan nan suna cewa tsoho ya haukace. Ki rubuto ko layi biyu ne.

Kakanki,
Ɓoɗejo

*

Angwan Iya, Keffi
4 ga Maris, 2024

Kaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Ikhlas ta yi zazzaɓi makon jiya amma ta warware. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, fushi na yi. Ba wasan nono ba ne. Wannan layin ne da ka ce lokacina ya wuce. Na karanta shi a ofishin malamai, na shiga banɗaki na yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Tun ina 'yar shekara shida nake jin an rufe mini ƙofa, sai ga shi ka sake rufe ta a rubuce. Na ce a raina, ashe dai ni ba tasu ba ce, al'adar ma hujja ce kawai. Na jefa takardar cikin akwati. Sai da ta biyu ta zo na ɗauko ta farko na sake karantawa a tsanake, na ga ashe cewa ka yi in kawo yaran duka. Na ji kunya ƙwarai. Ka yafe mini, wata huɗu na ɓata mana.

Amma Kaka, kai ma ba ka fahimce ni ba, kuma laifina ne da ban yi bayani ba. Ba mata da guduma ba ne. Nakiya suke sa wa. Suna huda dutsen da inji, su cusa ta, su busa jiniya, sai ka ga gefe guda ya zube. Katafila ta kwashe, inji ya niƙa, tipa ta ɗauka zuwa Abuja inda ake gine-gine. Ran Asabar na tsaya a bakin titi na ƙirga tipa sittin da ɗaya kafin azahar. Gabashin dutsen babu shi. In ka hango shi yanzu kamar an gutsuri ƙwarya.

Da na ga haka sai na roƙi shugabar makarantarmu ta bar ni in kai yaran ko gindinsa ne su taɓa. Iyaye goma sha huɗu suka yarda. Muka ɗauki keke napep huɗu, kowane yaro da gorar ruwansa, Yosiya har da hular kwano ta roba wai kada wuta ta zubo masa. Muna isa muka tarar an kewaye wurin da waya. Mai gadi ya ce ko akuya ba ta shiga. Na roƙe shi har na gaji, ya ce in dutse ya faɗo wa ɗan wani, ni zan amsa ko shi? Kuma gaskiyarsa ce. Yaran suka jeru suna leƙe ta wayar. Ikhlas ta zura hannu ta ɗebo tsakuwa uku, ta sa a aljihu.

Ta yamma har yanzu ba su taɓa ba, kuma ba a kewaye can ba. Wani makiyayi ya ce mini tsohuwar hanyarku tana nan, kuma ran Lahadi ba sa aiki. Kada ka jira Salla. Ka biyo Dogara a wannan zuwan. Haƙorin Ikhlas na ƙasa ya fara motsi, na hana ta rake da goruba, ina bin ta kamar mahaukaciya ina cewa ta cire harshe daga wurin.

Taka,
Hamdiya

*

Ruga, bayan Nguroje
14 ga Afrilu, 2024

Hamdiya,

Barka da Salla, Allah ya karɓi ibada. Muna lafiya.

Takardarki ta huɗu ga Maris sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Motar Dogara ta lalace a Bali, ta yi sati biyar a gareji da takardar a cikinta, shi kuma bai san abin gaggawa ba ne. Ban yi masa faɗa ba. Ni ya kamata a yi wa.

Ya nuna mini hoton dutsen a wayarsa. Na ce masa ƙarya yake, wannan wani wuri ne. Sai na gane tsamiyar da take gindinsa ta kudu, inda muke ɗaure maruƙa. Na zauna a ƙasa. Hamdiya, ni na auna dutsen nan da guduma, don ita na sani. Da na san haka ne, da tun Nuwamba na taho ko da rarrafe.

Maganar lokacinki kuwa, tsufa ne ya sa na faɗa ta a gaggauce. Babba mai rakiya ai yana ji, ba a toshe masa kunne. Niyyata ki riƙe hannun 'yarki, ki ji duka, in na mutu ke ce mai faɗa. Na ɗauka kin gane, shi ya sa ban rubuta ba.

Yau Dogara zai sauka, amma motar cike take kuma ba ta Keffi zai bi ba, Yola zai kai kaya. Ya yi mini alkawarin kujerar gaba a zuwansa na farkon Mayu. Jakata a ɗaure take. Ki nemi ƙwarya sabuwa da nono mai kyau, ba na leda ba. Ki ce wa Ikhlas ta riƙe mini haƙorin nan sati uku kacal.

Ɓoɗejo

*

Angwan Iya, Keffi
2 ga Mayu, 2024

Kaka,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita.

Na san Dogara ya zo ɗaukarka ne, kuma da hannun da zai karɓi jakarka zai miƙa maka wannan. Ka karanta kafin ka hau motar.

Ran Litinin suka cire ƙololuwar. Muna cikin aji ana rera waƙar ƙirge, jiniya ta yi kuka fiye da kullum. Da ƙarar ta zo, allo ya faɗo daga ƙusa. Yaran sun saba, yanzu tafi suke yi in an fasa. Da hayaƙin ya lafa sai na ga sararin sama a inda kan dutsen yake. Jiya na hau acaɓa na zagaya ta yamma. Katafila ta yanke hanya daga gindi har sama, daidai inda makiyayin ya nuna mini. Babu zango ko ɗaya, Kaka. Tsamiyar ma sun ture ta.

Kada ka wahalar da gwiwarka kwana biyu a mota don ka zo ka tsaya a bayan waya. Ba na so ka gan shi haka.

Abu ɗaya nake roƙo. Na san al'ada ce, kuma yanzu na san ba don ni aka yi ta ba. Amma wurin da ake faɗa babu shi. Ga tsakuwa ɗaya cikin ukun da Ikhlas ta ɗebo, na naɗe ta a ƙyalle, ita ta ce a ba ka. Ka riƙe ta a hannu ka rubuto. In na karanta wa yaran, zan sa su dafa sauran biyun. In akwai laifi a ciki, ni na ɗauka.

Haƙorin yana nan, da ƙyar.

Hamdiya

*

Ruga, bayan Nguroje
9 ga Yuni, 2024

Jikata,

Ina gaishe ki. Ruwa ya sauka sosai, muna lafiya. Na kwance jakar.

Na daɗe ban amsa ba, ba don na ƙi ba. Tun ranar na yarda zan rubuta. Na sayi littafi sabo, na zauna a ƙofar bukka da tsakuwar a hannun hagu. Wata guda ke nan ina zama haka kowane hantsi. Ga abin da na samu.

A zamanin da, akwai wuta a cikin dutsen, hayaƙi yana fita ta kansa, saniya ba ta kiwo kusa da shi. Wata mata maraƙinta ya ɓace, ta hau nemansa da ƙwaryar nono a ka. A zango na farko akwai dutse mai tsaga, a nan ta kara kunne ta ji kukan maraƙin daga ciki. A zango na biyu ta tarar da rema, 'yar dabbar nan ta cikin duwatsu, a bakin rami, ƙishirwa ta kusa kashe ta, matar ta tsiyaya mata nono. Remar ta ce, tunda kin shayar da ni, zan gaya miki abu uku da ba a yi a kan dutsen nan. Kada ki waiwaya. Kada ki kira maraƙin da sunansa.

Na ukun ya ɓace mini.

Daga nan akwai wani dutse mai kama da tozon bijimi, a nan ake juyawa hagu. Ina juyawa, idona yana sauka kan abin da yake gaba, sai maganar ta zo bakina da kanta. Sau goma sha ɗaya na hau da yara, ban taɓa yin tuntuɓe a kalma ba. Yanzu in na rufe ido na kai tozon, na juya, sai hoton wayar Dogara nake gani.

Hamdiya, ashe ba a kaina labarin yake ba. Shekara saba'in ina taƙama ni ne mai riƙe da shi, alhali dutsen ne yake tuna mini, zango bayan zango. Da na zo na tsaya a gabansa ko da rabi ne, da ya ba ni. Yanzu na gane abin da ya sa tsofaffi suka ce ba a faɗa a gida. Ba hani ba ne, ba ya yiwuwa ne kawai.

Na san a zango na bakwai yara suna dariya har su faɗi. Na san a ƙololuwa uwata takan yi hawaye kafin ta miƙa ƙwarya. Ban san me ake faɗa a wuraren ba. Na san wutar ta mutu a ƙarshe, amma ko matar ta samu maraƙinta, ko ta sauko ma, wallahi ban sani ba. Zan iya ƙirƙiro miki wani abu, ba za ki gane ba. Ba zan yi wa yarinyar ƙarya ba.

Ki yafe mini. Ki roƙa mini Ikhlas ita ma.

Ɓoɗejo

*

Angwan Iya, Keffi
1 ga Yuli, 2024

Kaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Dogara ya ce ka rame, ba ka cin abinci. Don Allah ka ci. Babu abin da zan yafe maka, in ana rabon laifi nawa wata huɗu ne cur.

Ran Alhamis na zaunar da yaran a tabarma. Na zaga da tsakuwa biyun, kowa ya dafa. Na kawo nono a sabuwar ƙwaryar da ka ce in saya, tunda na riga na saya. Na karanta musu daga wutar har zuwa remar. Ban taɓa ganin ajin nan ya yi tsit haka ba, Yosiya ma bakinsa a buɗe. Da na kai abu na biyu na tsaya, suka jira. Ikhlas ta ce, "Sai na ukun?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To a tambayi Kaka." Na ce shi ma ya manta. Ta ce, "To a tambayi dutsen." Yaran suka juya taga gaba ɗaya. Abin da ya rage bai kai tsayin tankin ruwan makaranta ba, tipa biyu suna gindinsa suna jiran lodi.

Suka sha nonon, aka buga ƙararrawa, suka tafi.

Shugabar makaranta ta ce zango mai zuwa in koma kan dutsen yumɓu da hotuna, sun fi sauƙi. Na ce to.

Haƙorin Ikhlas ya fita jiya da safe, tana cin burodi. Ta kawo mini shi a tafin hannu, ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko yanzu ita ma lokacinta ya wuce kamar nawa. Ban san a ina ta ji ba. Na ce ta je ta kurkure baki.

Kullum in za mu fita sai ta tambaye ni ko matar ta samu maraƙinta. Ka ci gaba da zama da tsakuwar, Kaka. In wani abu ya dawo maka, ko kalma ɗaya ce, ka ba Dogara. Na faɗa wa Ikhlas inda labarin ya tsaya maka, ta ce in gaya maka matar tana nan tsaye a wajen tozon da ƙwarya a ka, kuma nonon zai yi tsami.

Taka jika,
Hamdiya